Gwangwanin Inna da Littafin Surukina

Mu a gidanmu ba mu gaji gona ba, ba mu gaji shanu ba. Abin da muka gada shi ne ƙaiƙayi. Kada a yi mana mummunar fahimta, ba na ƙazanta ba ne, mu masu wanka ne har sabulu ya nemi hutu. Ƙaiƙayin kulorakwin nake nufi, farar ƙwayar nan mai ɗaci da ake ba mai zazzaɓin cizon sauro. Wani zai haɗiye ta ya kora da ruwa, bayan kwana biyu ka gan shi a kasuwa yana cinikin doya kamar ba a yi komai ba. Mu kuwa idan muka sha da safe, kafin la'asar sai ka ce mun yi birgima cikin ƙarara. Tafin hannu, tafin ƙafa, tsakar ka, har da wuraren da ba a rubutawa a littafi. Babu ƙurji, babu kumburi, babu abin da za ka nuna wa mutum ya tausaya maka. Idan ka ce bari ka watsa ruwa ka ji sanyi, to ka ƙara wa wuta itace.

A shekarun nan na saba'in, tun garinmu bai ba da sunansa ga sabon birnin tarayya ya karɓi sunan Suleja ba, ni tela ne a unguwar Magajiya. Keken ɗinkina ɗaya, bakina kuwa ya kai goma. Babu wanda ke iya rufe mini shi sai mutum ɗaya, surukina, mahaifin matata.

Baba, haka nake kiransa, malamin asibiti ne a sha-ka-tafi na cikin gari. Dogo ne, siriri, kullum cikin farar rigar aiki da ta sha guga har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Ranar kasuwar Gawu yakan ɗaure akwatin magani a bayan babur ya tafi duba mutanen can. Yana da wani babban littafi mai baƙin bango da yake rubuta sunan mara lafiya, da ciwonsa, da abin da aka ba shi. Wannan aikin hukuma ne. Amma a ƙarshen kowane shafi akwai wani layi da shi da kansa ya ja da rula, ba wanda ya sa shi. Bayan kwana biyu da ba mutum magani, sai ya bi shi har gida ko rumfa ya tambaye shi jiki, ya dawo ya sa alama a layin nan. Mutum ne mai son aikinsa har cikin ɓargo. Idan ya buɗe shafukan masu zazzaɓi, alamomin samun sauƙi ne jere tun daga sama har ƙasa, kamar shukar masara. Yakan buga littafin da yatsa ya ce, “Kulorakwin bai taɓa ba ni kunya ba. Kowa na ba, ya tashi.”

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne tambayar da yake yi da kuma mutanen da yake yi wa. Tambayarsa ita ce, “Ya jiki?” Mutumin garinmu kuwa ko an ɗauko shi a makara, idan babban mutum ya tako ya ce masa ya jiki, zai ɗaga likkafani ya ce, “Da sauƙi, Malam,” sannan ya koma ya kwanta.

Ni kaina ina cikin littafin nan. Lokacin da nake neman 'yarsa zazzaɓi ya kama ni, ya lura idanuna sun yi ja, ya zaunar da ni a zaure ya ba ni ƙwaya huɗu na haɗiye a gabansa, ya ƙulle mini shida a takarda in bi su cikin kwana uku. Washegari na zo gaisuwa, abin ya riga ya tashi. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ɗauko bayani a kan amfanin rufe masai, ya kai sa'a guda. Mai neman aure ba ya susa a gaban suruki. Na matse hannuwana a cinya, na dinga goga bayana da bangon zaure a hankali, a hankali, har yaɓen ya fara zubowa. Daga baya na ji abin da ya faɗa a cikin gida: “Yaron nan akwai kunya. Ko zama bai iya yi a gabana, sai mutsu-mutsu.” Da ya tambaye ni jiki na ce da sauƙi, ya sa mini alama. Sauran shidan na watsa su a kogin Iku. Ina jin har yau akwai zuriyar kifin da ke goga jiki da duwatsu a wurin. Zazzaɓin ya tafi ya dawo, na yi ta fama da ganyen dogon yaro da ƙuruciya har ya gaji da ni ya ƙyale ni.

Mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Inna, ba ta da ƙuruciyar da za ta yi wannan kokawa. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ita ta riƙe mu da tandar waina. A daminar farko bayan aurena, ruwa ya zauna a kowane rami, sauro ya yi sarauta, zazzaɓi ya kwantar da ita.

Baba bai yarda a kai ta sha-ka-tafi ta bi layi ba. Ya tako da ƙafarsa, ya yi sallama, aka ajiye masa kujera a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu.

“Inna, sannu. Ashe jiki ya motsa?”

“Ɗan abin damina ne, Malam. Bai kai a taso ka ba.”

“Ai ko ciwon yatsa ne an taso ni. Ga huɗu a sha yanzu, sauran a bi su yadda zan gaya wa yarinyar nan.” 'Yarsa yake nufi, matata.

Ta sha huɗun, don kuwa yana zaune yana jin ƙarar moɗa. Da la'asar na dawo daga shago na same ta da totuwar masara a hannu biyu, tana aiki a ƙafafunta kamar mai kankare tukunya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

“Kai wannan, saki labulen nan.”

Na saki.

“Maganar nan idan ta fita daga ɗakin nan, ni da kai ne.”

“Inna, ai likita ne. Idan aka faɗa masa...”

“A faɗa masa me? Mutum ya ba ka 'yarsa, ya tako ya kawo mini magani da hannunsa, sai in buɗe baki in ce maganinsa ya zame mini ƙarara? Da wane bakin? Kai ka faɗa masa naka?”

Ashe ta san labarin Iku.

Bayan kwana biyu Baba ya dawo. “Ya jiki, Inna?” “Da sauƙi, Malam, Allah ya saka.” Kuma ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, huɗun farko sun kwantar da zafin. Ya sa alama. Bayan kwanaki zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa. Ya sake kawo ƙwaya, ta sake shan huɗu a gabansa, totuwa ta sake shan wahala, sauran shidan kuwa ba ta sha ba, kamar yadda ba ta sha na farko ba. Aka yi haka sau uku.

A nan wasa ya ƙare mini. Tanda ta yi sanyi har gizo-gizo ya yi saƙa a gurbinta. Awarwaron da ke tsayawa a tsintsiyar hannun Inna ya koma zamewa har gwiwar hannu. Idan ta tashi alwala sai ta dafa bango. Baba kuma ya shiga damuwa irin ta mai gaskiya. Littafinsa ya ce ta warke sau uku, idonsa ya ce tana ƙarewa. Ya kira ni gefe ya ce, “Maganin da ke tayar da kowa ya kasa tayar da ita, ke nan ba zazzaɓin sauro ba ne kawai. Akwai wani abu a ƙasa da ya fi ƙarfina. Ranar Asabar za mu kai ta babban asibitin Minna.”

Inna ba ta taɓa wuce Gawu ba. Da na faɗa mata sai ta ce a ɗauko mata farin zanenta a sa a saman kaya. Ta gwammace a jijjiga ta a mota har Minna, a yi ta neman ciwon da babu shi alhali wanda ke akwai yana cin ta, da ta ce wa surukinta maganinsa ya sa ta susa.

Ranar Alhamis matata tana share ɗakin Inna, Inna na barci a tsakar gida, tsintsiya ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. Ta same ni a bayan ɗaki tana kaɗa shi kamar caki.

“Tela, zo ka ji kiɗa.”

Ta buɗe. Fararen ƙwayoyi ne, goma sha takwas, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Ita matata jinin ubanta ce, tana shan kulorakwin kamar gyaɗa, ko gezau. Na yi mata bayani tun daga zaure har Iku. Ta yi dariya har ta zauna a turmi, sannan ta dubi inda Inna ke kwance, dariyar ta ɗauke.

“Ni dai ba zan kai ƙarar uwar mijina wurin ubana ba,” in ji ta. “Kai kuma an ɗaure maka baki a kan tata. To ƙarar wa ta rage?”

“Tawa.”

“Ashe kana da kai. Na ɗauka baki ne kawai.”

Ta mayar da gwangwanin inda yake.

Matsalar ita ce ban iya kallon fuskar Baba in faɗi irin wannan magana. Amma sana'ata ta ba ni abin da ba ta ba kowa ba: tela ne kaɗai ke tsayawa a bayan surukinsa ba a ce ya yi rashin kunya ba. Akwai yadin kaftani da ya ba ni tun kwanaki. Awonsa yana kaina kamar Fatiha, amma ranar Juma'a da hantsi na je na ce takardar awon ta ɓata.

Ya miƙe a zaure. Na zagaya bayansa na ɗora tef a kafaɗarsa.

“Baba, ɗan buɗe hannu. Yauwa. Baba, ka tuna zazzaɓin da na yi kafin biki?”

“Na tuna. Kwana biyu ka warke.”

“Huɗun farko kaɗai na sha. Ƙaiƙayi suke sa ni, irin wanda mutum zai so ya tuɓe fatarsa ya rataye. Yaɓen bangon nan da ya zube, ba ruwan sama ba ne, bayana ne.”

Kafaɗar da nake aunawa ta ƙage. Na auna ta sau uku don in sami abin yi.

“Sauran fa?”

“Suna Iku, Baba.”

“Na rubuta ka warke.”

“Na warke, Baba. Sai dai ba da wuri ba, kuma sai da ya dawo sau biyu.”

Na durƙusa ina auna tsawon riga, ina kallon dugadugansa.

“A makaranta an faɗa mana akwai masu wannan ƙaiƙayi,” ya ce a hankali. “Na ɗauka Allah ya raba garinmu da su, tunda shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kawo mini kuka.” Ya ɗan juyo da kansa. “Ka ce ya tafi ya dawo?”

“E, Baba.”

“Ya tafi, ya dawo.” Ya sauke hannuwansa. “Gobe ba za a je Minna ba. Ka gama awon, ko shi ma a Iku za ka zuba?”

Ban ambaci Inna ba, Allah ne shaida. Shi ma bai ambace ta ba.

Bayan an sauko daga masallaci ya zo gidanmu ya zauna a kujerarsa ta ƙofar labule.

“Inna, na yi tunani. Wancan maganin na 'yan zamani ne, jininki ya fi ƙarfinsa. Na kawo miki na mutanen da, kwinin. Ɗacinsa ya fi, kuma zai sa kunne ya yi ta ƙara, amma zai wuce. Kwana bakwai ne. Yarinyar nan ce za ta riƙa miƙo miki, don mu raba ladan ni da ita.”

“Yadda ka ce, Malam.”

A cikin kwana bakwan nan Baba bai zauna ba. Abin da ya dame shi, bayan Inna, shi ne su wane ne sauran. Cikin jerin alamominsa, nawa ne na gaskiya, nawa ne na kunya? Ya gane shi ba za a faɗa masa ba, don haka ya mayar da shagona ofis. Ni ne mai tambaya. Idan mutum ya zo ɗinki sai in fara ba da labarin kaina, in ƙara gishiri, in ce na sosa har na ga ƙashi. Kafin in rufe baki sai ka ji, “Kai ma?” Matata kuma ta ɗauki ɓangaren mata a bakin rijiya da gidajen suna. Da yamma Baba ya zo da littafi da wake a aljihu biyu, fari na waɗanda maganin ya karɓe su, ja na masu susa, ya baje a kan teburin kekena.

Fararen sun fi yawa, wannan ya ɗan sanyaya masa rai. Amma jajayen ba kaɗan ba ne, kuma da yawansu ba su taɓa shanye maganin ba. Sai ya shiga neman abin da ya haɗa su.

Da fari ya ce ruwan Iku ne, don masu wanka a kogi sun yi yawa a cikin ja. Washegari aka samo wani ladani a unguwar Wambai da bai taɓa sa ƙafa a kogi ba, shi kuwa har da bakin wuƙa yake susa. Aka bar kogi. Sai ya ce ramammu ne, jikinsu ba ya ɗaukar ƙarfin ƙwayar. Wannan ta yi kwana ɗaya, har wani mahauci da ƙofar shagona ba ta ɗaukarsa sai a karkace ya ba da labarin yadda ya goga bayansa da bishiyar mangwaro har ta zubar da 'ya'yanta ɗanye. Ya gwada maza da mata, bai ga bambanci ba. Ya gwada 'yan gari da mutanen ƙauye da ke zuwa cin kasuwa, nan ma wake ya ƙi rabuwa.

Rana ta huɗu ya shigo fuskarsa a sake. Ya ware wake uku ja ya jera su gefe.

“Teloli,” ya ce. “Teloli uku na ba magani, duk ukun suna susa. Ko ɗaya bai tsira ba. Ƙurar yadi ce ke shiga jini.”

“Baba, Inna ba ta taɓa...” Na haɗiye sauran.

“Tana wanke kayanka,” ya ce, bai ko ɗago ba. Ya ba ni shawara in riƙa ɗaure hanci da ƙyalle idan ina yanka. Na ɗaure. Kwana biyu ina ɗinki kamar ɗan fashi.

Rana ta shida zazzaɓin Inna ya sauka bai sake hawa ba. Ta sha kunu kofi biyu, ta tambayi inda aka ajiye mata tanda. Sai dai kwinin ya cika mata kunne da ƙara, ta ce kamar an tara gyare dubu a kanta. Ba ta jin muryarta sosai, saboda haka idan ta yi raɗa, ana ji a bakin titi.

Baba ya zo da hantsi ya zauna. Ina ciki kusa da ita.

“Inna, ya jiki?”

Ba ta ji ba, sai da na maimaita mata a kunne. Ta jawo wuyan rigata, ta kare bakinta da hannu, ta yi abin da a ganinta raɗa ce.

“Ka ce masa da sauƙi. Amma wannan karon da gaske ne. Wancan farin ai bala'i ne. Haka ya yi wa yayata, haka yake yi wa 'ya'yan ƙanena, su biyun nan masu ɗinki irinka. Duk gidan ubana ba mai shan sa ya zauna lafiya. Kada ka faɗa masa, mutumin kirki ne.”

Kajin tsakar gida ma sai da suka tsaya. Matata ta shige madafi da gudu, na ji tana tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Na leƙa ta gefen labule. Baba yana zaune ƙyam, littafi a cinya, yana rubutu da sauri, kafaɗun nan da na auna sau uku suna rawa saboda dariyar da yake dannewa. Telolinsa uku kakansu ɗaya.

Ya gyara murya. “Me Inna ta ce?”

“Ta ce da sauƙi, Baba.”

“Alhamdulillahi. A ce mata saura kwana ɗaya, a daure a shanye.” Ya miƙe, ya dube ni. “Kai kuma cire ƙyallen nan daga wuyanka.”

Ya koma kan wakensa ya jera su gida-gida, sai ga jajaye suna taruwa a wasu zuriyoyi suna tsallake wasu. Ba su jeru tsaf ba. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ba ta susa, ladanin Wambai kuma shi kaɗai ne a danginsa. Akwai wata 'yar ƙwaya mai sa barci da yake haɗa wa masu ƙaiƙayi, wasu ta taimake su, ni kuwa sai ta sa na riƙa susa ina gyangyaɗi. Baba ya daina cewa kowa ya ba ya tashi. Yakan ce maganin yana da kyau, kuma gaskiya ne, amma kafin ya ba mutum sai ya tambayi yadda yake yi wa 'yan gidansu, don ya lura mutum ya fi saurin tona asirin ɗan uwansa a kan nasa. Ya ja sabon layi da rula a littafin. Idan ya bi mutum gida yana gaishe shi da “ya jiki” kamar kullum, ya karɓi “da sauƙi” da hannu biyu, sannan ya ce, “Ɗauko mini takardar in ga nawa suka rage.”

Ranar da Inna ta sake ɗora tanda, wainar farko ba ta sayar ba. Ta cika kwano ta rufe da faifai ta ce in kai wa surukina. A kan faifan ta ɗora gwangwanin madara.

“Ka ce masa ina shara na tsinci wannan. Ban san ko na wane ne ba, kada su lalace a banza.”

Na kai, na faɗa yadda aka ce in faɗa. Baba ya buɗe gwangwanin, ya zazzage a tafin hannu, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar ya rufe. Ya ɗauki waina ɗaya ya gutsura.

“Ka ce mata na gode. Na san mai su, ta warke.”